Kundin Malam da Kartar Bature: Sawun Bugun Ƙasa a Hanyar Gwanja

A Hausa, idan aka ce karta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wasa, sau da yawa ma caca. Ba a jin Bahaushe ya ce zai je a duba masa da karta. Duba yana da kayan aikinsa daban: rairayi, wuri, carbi, allo da tawada. A Turai da Amurka kuwa akwai wata irin karta mai zane-zane da ake kira tarot, wadda masu sha'awarta ke tarawa iri-iri, suna kwatanta wannan bugu da wancan, suna kuma shimfiɗa ta su duba wa kansu. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe na sunan, sai ya fito kamar "taro", amma babu abin da ya haɗa shi da taron jama'a. Wannan al'ada ba ta da saiwa a ƙasar Hausa. Abin da ya fi kusa da ita shi ne kundin malamin duba, wato tarin warwarar takardu da malami ke kwafa daga hannun malamai daban-daban, yana gwada wannan da wancan, yana adanawa a gafaka tsawon rayuwarsa. Wuri mai kyau na bin sawun irin wannan kundi shi ne tsohuwar hanyar fataken goro da ta ratsa ƙasar da ake kira Togo a yau.

Babbar hanyar mota ta Togo ta miƙe ne daga Lome a bakin teku zuwa iyakar Burkina Faso. Mai tafiya arewa zai wuce ƙaramin garin Aouda a gundumar Sotouboua, ya isa Sokode, ya bi ta Bafilo da Kara da Mango, sannan ya tarar da Dapaong dab da iyaka. Wannan shimfiɗa ta kudu zuwa arewa aikin mulkin mallaka ce, domin a kai amfanin ƙasa tashar jirgin ruwa. Hanyar fatake ta dā gicciye take, daga gabas zuwa yamma. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu zuwa Djougou, ya shiga ƙasar Kotokoli, ya nufi Salaga a Gwanja inda ake sayen goron Ashanti. Wani reshen kan bi ta ƙasar Gurma ya sauko Sansanne Mango, garin da sunansa ke ɗauke da kalmar da kowane Bahaushe ya sani, wato sansani. Unguwar Didaure ta Sokode ta samo asali ne daga mazaunin 'yan kasuwa Musulmi baƙi, kuma kalmar zango ta zauna a bakin mutanen yankin ta koma zongo, sunan unguwar baƙi a garuruwa da dama na Togo da Gana da Benin.

Tafiyar Gwanja ta watanni ce, kuma hatsarinta a fili yake: 'yan fashi, sarakunan hanya masu karɓar fito, ciwon jakai, da goro da zai iya lalacewa kafin a kai shi kasuwa. Bafatake yakan zuba dukiyarsa da ta mutane a cikin tafiya ɗaya. Saboda haka ayari ba ya rasa malami tare da madugu da jagaba. Shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi, shi ne kuma ake tambaya ranar da ta dace a tashi. A nan ne malanta da duba suka haɗu a gafaka ɗaya. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, malamai da 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yendi da sauran garuruwan da suka faɗa hannun Jamusawa. Cikinsu har da Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, wanda ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan rayuwar Hausawa. Takardu sun yi ta yawo a wannan yanki kamar yadda goro da kanwa suka yi.

Sunan bugun ƙasa kansa darasi ne ga ɗalibin Hausa. Larabawa na kiran wannan fanni ilmur ramli ko darbur ramli, wato bugun rairayi, sai Hausa ta juya ma'anar da kalmominta maimakon ta ari lafazin. Hausa tana da tsohuwar kalma arwa, tana da duba wadda ta game kowane irin hange na gaibu, tana da tsibbu da ta fito daga kalmar Larabci ta magani, da hatimi da hisabi waɗanda su ma aro ne. Rabe-raben kalmomin na nuna rabe-raben masu sana'ar: boka da ɗan bori suna gefe guda, malamin duba mai alƙalami yana wani gefen, ko da yake a aikace iyakar takan dushe.

Yadda ake aikin kuwa lissafi ne tsantsa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mai duba zai daidaita rairayi, ya yi ta ɗiga yatsa a jere ba tare da ƙirgawa ba, har layi huɗu. Sai ya bi kowane layi yana share ɗigo bibbiyu. Abin da zai rage a ƙarshe ɗigo ɗaya ne idan adadin mara ne, ko biyu idan cika ne. Layukan huɗu sun ba da siffa guda mai hawa huɗu, kowane hawa da ɗigo ɗaya ko biyu. Tun da hawa huɗu ne kuma kowanne zaɓi biyu gare shi, siffofin da za su iya fitowa 16 ne, ba ƙari ba ragi. Ana maimaita wannan sau huɗu a sami siffofi huɗu na farko da ake kira uwaye. Daga nan babu sauran sa'a a cikin lamarin. Kawunan uwayen huɗu ne za a jera su zama siffa ta biyar, hawansu na biyu ya zama ta shida, haka har ta takwas, waɗannan su ne 'ya'ya. Sai a riƙa haɗa siffofi biyu-biyu: ta ɗaya da ta biyu su haifi ta tara, ta uku da ta huɗu su haifi ta goma, har a kai ga shaidu biyu a gida na 13 da na 14, waɗanda haɗuwarsu ke fitar da alƙali a gida na 15. Gida na 16 yana fitowa daga haɗa alƙalin da uwa ta farko.

Uwaye huɗu, kowace tana iya zama ɗaya daga cikin 16, sun ba da shimfiɗa 65,536. Amma alƙali ba zai taɓa wuce siffofi takwas ba, domin dole jimillar ɗigonsa ta zama cika. Dalilin shi ne kowane ɗigo na uwaye an ƙirga shi sau biyu kafin a iso gida na 15, sau ɗaya ta wajen uwaye, sau ɗaya ta wajen 'ya'ya. Malamin da ya ga alƙalinsa ya fito mara ya san ya yi kuskure a hanya, sai ya share ya sake. Ko mutum bai yarda da duba ko kaɗan ba, wannan dabara ta kama kuskure abin a yaba ce ga wanda ya ƙago ta.

Siffofin 16 ba sa canzawa daga Maroko har Madagaska. Sunayensu da jerinsu da fassararsu ne ke canzawa, kuma a nan ne kwatanta kundi da kundi ke da amfani. Siffa mai ɗigo ɗaiɗai daga sama har ƙasa Larabawa na kiranta Ɗariƙ, wato hanya. Mai ɗigo bibbiyu a kowane hawa ita ce Jama'a. Akwai Bayad, fari, da Humra, ja, da Ankis, wadda ta kife. Lokacin da aka fassara littattafan ramli zuwa Latin a Sifaniya cikin ƙarni na 12, a hannun irin su Hugo na Santalla, sai sunayen suka koma Via da Populus da Albus da Rubeus da Tristitia. A Madagaska, inda ake kiran fannin sikidy, lafazin Larabcin ne ya lanƙwashe: taraiky, alahamora, alikisy. A Yammacin Afirka kuwa malamai sun ɗora wa gidajen sunayen annabawa da manyan bayin Allah. Jerin da aka saba ji yana farawa da Yusufa, Adamu, Mahadi, Idirisu, Ibrahima, Isa, Umaru, Ayuba, ya ƙare da Yunusa, Usmanu da Musa. Ɗariƙ ita ce Ibrahima, Bayad ita ce Idirisu, Jama'a ita ce Musa. Ankis, siffar baƙin ciki da jinkiri, ta faɗa kan Ayuba, kuma duk wanda ya san ƙissar haƙurin Annabi Ayuba ya ga hikimar haɗin.

Wannan jeri yana bin tsarin da ake dangantawa da Muhammad al-Zanati, malamin Magrib da ake sa zamaninsa a ƙarni na 13, mai littafin al-Faslu fi Usuli Ilmir Ramli. An buga littafin a Alƙahira tun ƙarni na 19, ya kuma shiga hannun malamai ta hanyar alhazai da masu sayar da littattafai. Bernard Maupoil, jami'in mulkin mallakar Faransa a Dahomey, maƙwabciyar Togo ta gabas, ya wallafa bincikensa a 1943 a kan duban Fa da kuma alaƙarsa da ramlin Musulmi, inda ya jingina da rubutun al-Zanati. Fa, ko Afa a bakin Ewe na kudancin Togo, ko Ifa a wurin Yarbawa, shi ma yana da manyan alamu 16 masu hawa huɗu, waɗanda ke haɗuwa biyu-biyu su ba da 256. Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko daga ramli ya samo asali ko kuwa kama ce kawai. A arewa, wajen Dapaong, ƙasar Moba da Gurmawa ce, kuma Gurmawa sun yi suna da duban rairayi har a Faransancin yankin ana cewa taper le sable, wanda shi ma bugun rairayi yake nufi. Masanin Faransa Michel Cartry ya shafe shekaru yana nazarin wannan a wurin Gurmawan Burkina Faso. Ke nan malamin zongo da ya zauna a Sokode ko Mango yana tsakanin al'adu biyu na duba da alamu 16, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, shi kuma abin da ya bambanta shi da su shi ne nasa a rubuce yake.

Ba a taɓa barin wannan fanni ya sarara ba. Masu yin sa suna jingina shi ga Annabi Idirisu, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai ambaton wani annabi da ke zana layi a ƙasa. Malaman hadisi irin su Nawawi sun fassara shi da cewa hani ne, tun da babu hanyar da wani zai tabbatar zanensa ya dace da na annabin. A littafin nan kuma akwai gargaɗin rashin karɓar sallar kwana arba'in ga wanda ya je wurin mai duba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana yadda ake ramli filla-filla sannan ya ce ƙirƙira ce ta mutane da ba ta da wata ƙofa zuwa gaibu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta zanen rairayi ko taurari cikin waɗanda suka gauraya Musulunci da abin da ba shi ba. Duk da haka ƙasar Hausa ta fitar da gwani a ilmin asirai wanda sunansa ya kai Gabas: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, mai al-Durrul Manzum, wanda ya yi rubutu a kan hatimai masu lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Alƙahirar nan ita ce mahaɗar labarin kundi da na karta. Kartar wasa ta bayyana a Turai cikin shekarun 1370, kuma daga daular Mamluk ta Masar ta fito. Akwai wani tsohon jerin kartar Mamluk a fadar Topkapi ta Istanbul, wanda L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gidajensa huɗu ne: kofuna, dinare, takubba da sandunan wasan ƙwallon dawaki. A kowane gida akwai sarki da na'ibi da na'ibi na biyu, kuma daga wannan na'ibi ne Sifaniyawa suka sami kalmarsu ta karta, naipes. Wajen 1440, a fadojin arewacin Italiya, aka ƙara wa wannan karta wasu ganye 22 masu hotuna, irin su Sarki, Fafaroma, Adalci, Mutuwa, Wata da Rana, aka kuma ƙara sarauniya a kowane gida, jimilla ta zama 78. Tsofaffin bayanan da suka ambace ta sun fito daga Florence a 1440 da Ferrara a 1442. Wasa ce kawai, ganyen hotunan suna cin sauran. Har gobe ana buga ta a matsayin wasa a Faransa, inda take da ƙungiyar ƙasa tun 1973.

Sai bayan shekara fiye da ɗari uku duba ya shigo. A 1781 Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa tarot littafin hikimar bokayen Fir'auna ne da aka ɓoye cikin karta. Ba shi da hujja ko guda, kuma a lokacin babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi. Amma labarin ya yi daɗi. Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya zama Etteilla, ya fitar da kartar da aka tsara musamman don duba wajen 1789. Eliphas Levi ya haɗa ganye 22 da haruffan Ibrananci 22 a shekarun 1850. A 1909 aka buga a Landan kartar da Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin A. E. Waite, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a yau. Abin dariyar shi ne de Gébelin ya ambaci ƙasar da ta dace bisa kuskure: daga Masar kartar ta zo, amma Masar ta sarakunan Musulmi, kuma don wasa. Duban da ya fito daga duniyar Larabawa da gaske, ya shiga Turai ya kuma sauko Afirka ta Yamma, shi ne na rairayi.

Masu tara karta da masu kwatanta ta ne suka rushe tatsuniyar Fir'auna. Sun jera kartar fadar Visconti da Sforza ta Milan, wadda ganyenta ke rarrabe tsakanin ɗakin karatu na Morgan a New York da gidan tarihi na Carrara a Bergamo, kusa da bugun Jean Noblet na Paris wajen 1650 da na Nicolas Conver na Marseille mai ɗauke da shekarar 1760. Sun ga inda mai sassaƙa katakon bugu ya kwafi kuskuren wanda ya gabace shi. Sun ga Waite ya musanya matsayin Adalci da Ƙarfi, na 8 da na 11, don jerin ya dace da lissafinsa na taurari, kuma Smith ta ɗauki wasu zane daga kartar Sola Busca ta 1491. Michael Dummett, malamin falsafa a Oxford, ya tattara hujjojin a littafinsa na 1980 a kan wasan tarot. Tun daga nan, mai son ya duba da ita yana iya yi, amma ba zai ƙara cewa daga Fir'auna ya gada ba sai a nuna masa takarda.

Irin wannan aiki kundin malam yake jira, kuma ya fi karta wahalar samu. Kundi sirri ne. Ba a buga shi, ba a ba da aronsa, sau da yawa babu sunan marubuci ko shekara. Almajiri kan yi hidima mai tsawo kafin a ba shi fa'ida ɗaya ya kwafa, wani lokaci ma a rage masa wani sharaɗi sai an faɗa masa da baki. Ganyen a warware suke, ana ƙarawa ana cirewa, Larabci a tsakiya, bayani da ajamin Hausa a gefe. Babban tarin da ya tsira daga wannan yanki ya tsira ne ta hanyar yaƙi: takardu kusan ganye 900 daga Kumasi, waɗanda suka faɗa hannun Turawan Denmark bayan yaƙin Katamanso na 1826, suna ɗakin karatun sarauta a Copenhagen. Nehemia Levtzion ya bincika su ya tarar mafi yawansu layu ne da hatimai da fa'idoji, sai 'yan wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da na Gwanja da maƙwabtanta. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon ita ma ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami tun farkon shekarun 1960, ta hanyar aro a ɗauki hoto a mayar wa masu su.

Littafin fiƙihu ko na nahawu yana da magada masu alfahari da shi. Kundin duba ba haka yake ba. Tun da wa'azin yaƙi da bidi'a ya yi ƙarfi a zongo-zongo, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, magajin da ya buɗe gafakar kakansa ya ga ɗige-ɗigen ramli yakan ji kunya ko tsoro, kuma takardar da ake jin kunyarta gara da damina ke gadonta. Hukuncin shari'a a kan aikata duba magana ce ta malaman addini, kuma sun yi ta. Takardar kuwa shaida ce ta tarihi. A gefenta akwai Hausar fatake ta ƙarni na 19, da kalmomin Dendi da Kotokoli da suka shige ta, da jerin tambayoyin da mutane ke kawowa: ɓataccen jaki, matafiyin da ya daɗe, ciki, bashi, ranar tashi. Wanda ya jera kundi uku daga Kano da Djougou da Sokode, ya duba ko Idirisu na gida na huɗu a dukkansu, ya lura da inda aka maimaita kuskuren kwafi iri ɗaya, zai iya gane wa ya karɓa daga wa, ta wace hanya kuma.

Ko shekarun kundin ana iya kintata daga jikin takardar. Idan aka ɗaga ganye aka haska shi da rana, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata uku a jere. Wannan ita ce takardar da 'yan kasuwa ke kira tre lune, wadda ta cika kasuwannin Kano da Borno a ƙarni na 19 ta hanyar Tarabulus da Alƙahira. Wasu ganyen suna ɗauke da sunan Andrea Galvani, na gidan masu yin takarda a Pordenone, arewa da Venice. Ke nan malamin da ya zauna a zongon Sokode yana kwafar gidajen Yusufa da Adamu, a kan takardar arewacin Italiya yake rubutu, yankin da aka fara zana tarot shekara ɗari huɗu kafin shi.